Yadda Ake Tattara Maƙalolin Mai Binciken Ciwon Daji da Auna Tasirinsu

Wannan aiki yana tasowa ne a lokuta sanannu. Ko dai likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina zai nemi ƙarin girma, ko malami a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma zai nemi tallafin bincike daga TETFund, ko kuma wani kwamiti ya ɗora maka alhakin duba takardun mai neman aiki da ya ce ya yi fice a binciken ciwon daji. A kowane hali abu biyu ake son sani, wato yawan maƙalolin da mutumin ya wallafa a mujallun ilimi, da kuma sau nawa sauran masana suka ambace su a nasu rubuce-rubucen. Na daɗe ina yi wa abokan aiki wannan hidima, kuma abin da nake fara gaya wa mai koyo shi ne ƙirga ambato ba ya da wuya, domin kwamfuta ce ke yin sa. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa maƙalolin da ke jerin na mutumin ne shi kaɗai, sannan a karanta lambobin daidai da irin binciken da yake yi.

Kayan aiki

Kana buƙatar kwamfuta mai intanet da manhajar Excel ko makamanciyarta. Idan babu kwamfuta, waya mai Google Sheets za ta iya ɗaukar aikin, sai dai idanu za su gaji. Kana buƙatar takardar tarihin aikin mai binciken, wadda ta ƙunshi jerin maƙalolinsa da wuraren da ya yi karatu da aiki, tare da lambarsa ta ORCID idan yana da ita. Wannan lamba ce mai gurbi 16 da aka fara bayarwa a 2012, kuma ba a taɓa bai wa mutum biyu iri ɗaya.

Rumbunan bayanan maƙaloli na intanet da za ka shiga kyauta su ne PubMed na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka, wanda ke ɗauke da bayanan maƙaloli fiye da miliyan 35, da Google Scholar, da iCite mai ƙirga ambaton maƙalolin PubMed, da OpenAlex mai tattara bayanan maƙaloli na kowane fage, da AJOL mai tattara mujallun Afirka, da SCImago mai jera mujallu bisa daraja, da DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta, da rumbun Retraction Watch mai tattara maƙalolin da aka janye. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na kamfanin Clarivate sai an biya, don haka ka tambayi ma'aikatan ɗakin karatu ko cibiyarku tana da damar shiga. Idan babu, Scopus yana da sashen kyauta mai suna Scopus Preview da ke nuna yawan maƙaloli da ambato na kowane marubuci. Manhajar Publish or Perish, wadda Farfesa Anne-Wil Harzing ta samar, kyauta ce kuma tana rage wahala sosai wajen ɗebo maƙaloli da adadin ambatonsu daga rumbuna irin su Google Scholar. Ka caja komai tun kafin ka zauna, kuma duk abin da ka samo ka sauke shi a kwamfuta nan take, domin wuta ko data na iya yankewa a tsakiyar aiki.

Mataki na 1: Tantance sunan mai binciken

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka ka ba shi lokaci. Sunayenmu suna da maimaituwa fiye da yadda rumbunan nan suka saba. Likita mai suna Ibrahim, mahaifinsa Abdullahi, da ya ƙara sunan garinsa kamar Daura ko Funtuwa ko Malumfashi, zai iya fitowa a wata mujalla da sunan garin a matsayin sunan dangi, a wata kuma da sunan mahaifi, a wata ta uku editoci su juya sunan gaba ɗaya su mai da nasa na yanka ya zama na dangi. Ga kuma bambancin rubutu: Muhammad da Mohammed da Muhammed, Usman da Uthman, Abdullahi da Abdullah, sai sunayen da ke da ƙaramar alama a sama ko karan ɗori a tsakiya, waɗanda wasu rumbuna ke zubar da alamar. Idan mace ce, ka tambaye ta ko ta taɓa wallafa wani abu da sunan mahaifi kafin ta koma amfani da na miji.

Ka rubuta dukkan siffofin da sunan zai iya ɗauka a takarda guda. A ƙarƙashinsu ka jera wuraren da mutumin ya zauna tare da shekaru. Likitocinmu da yawa sun yi horon ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Aminu Kano, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma maƙalolin da suka rubuta a lokacin suna ɗauke da adireshin can. Ka tuna kuma cewa Asibitin Koyarwa na Tarayya na Katsina a da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ce, saboda haka tsofaffin maƙaloli suna ɗauke da tsohon sunan. A ƙarshe ka nemi sunayen mutum huɗu ko biyar da ya fi yin rubutu tare da su, domin su ne za su raba maka gardama idan ka haɗu da maƙalar da kake kokwanto a kanta.

Babban kuskuren masu koyo shi ne su ga suna ya yi daidai, maudu'in kuma ciwon daji ne, sai su ɗauka. Akwai masu irin sunayenmu da yawa a Malesiya da Pakistan da Misira da Sudan, kuma wasunsu masu binciken daji ne. Maƙala ba ta shiga jeri sai sunan ya dace, sannan aƙalla ɗaya daga cikin adireshi ko abokan rubutu ko lambar ORCID ya mara masa baya. Idan duk sun gagara, ka kira mai binciken ka tambaye shi, kuma ka nemi ya nuna maka kwafin.

Mataki na 2: Fara da PubMed

Ka shiga sashen Advanced, ka zaɓi gurbin Author, ka rubuta sunan dangi da harafin farko na sauran sunayen. Sakamakon zai yi yawa, don haka ka ƙara gurbin Affiliation ka rubuta Katsina ko Nigeria. Ka maimaita wannan da kowace siffa ta sunan da kowane gari da ke takardarka. Abu biyu suna da muhimmanci a nan. PubMed bai fara adana cikakken sunan marubuta ba sai a 2002, kuma kafin 2014 adireshin marubuci na farko kawai yake sakawa. Ke nan idan mutuminka shi ne na uku a wata maƙala ta 2010, neman sa da adireshi ba zai fito da ita ba, sai ka bi ta taken maƙalar ko ta sunan marubuci na farko.

Idan ana son maƙalolin ciwon daji kaɗai, ka ƙara gurbin MeSH Terms ka rubuta neoplasms, wadda ita ce kalmar da rumbun ke tara dukkan nau'o'in daji a ƙarƙashinta. Ka yi hattara, domin sababbin maƙaloli da wasu mujallu ba su da wannan alama, saboda haka ka duba jerin da ido kafin ka yarda da tacewar. Da ka gama zaɓe, ka danna Save ka sauke sakamakon a tsarin CSV. Zai buɗe a Excel da take da sunayen marubuta da mujalla da shekara da lambar PMID (lambar maƙala a PubMed) da ta DOI (lambar shaidar maƙala ta dindindin a intanet), kuma wannan shi ne ƙashin bayan jadawalinka.

Mataki na 3: Cike giɓi daga sauran rumbuna

PubMed yana ɗauke da wasu mujallunmu, kamar Annals of African Medicine da Nigerian Journal of Clinical Practice da Nigerian Postgraduate Medical Journal, amma da yawa ba sa ciki. Ka nemi sunan a AJOL, sannan a Google Scholar, sannan a Scopus ko OpenAlex. A Scopus sau da yawa za ka tarar an raba mutum ɗaya gida biyu ko uku saboda bambancin rubutun suna. Ka lura da duka, kuma mai binciken zai iya neman a haɗe masa su.

Shafin mutum na Google Scholar abin taimako ne, amma kada ka ɗauke shi a matsayin hujja. Mai shafin ne ke kula da shi, kuma idan ya bar shi yana ƙara maƙaloli da kansa, to ba a daɗewa zai cika da ayyukan masu irin sunansa. Na sha ganin shafin likitan fiɗa ɗauke da maƙalolin injiniyan man fetur, mai shafin ma bai sani ba. Idan kuma mujallar ta takarda ce zalla, ba ta intanet, ka nemi hoton bangonta da shafin ƙunshiya da shafin farko na maƙalar, ka saka ta a jeri, ka rubuta a gefe cewa babu hanyar ƙirga ambatonta.

Mataki na 4: Share maimaici da rarraba maƙaloli

Ka jera komai bisa lambar DOI, wadda kullum take farawa da 10 da ɗigo, sai maimaicin ya bayyana da kansa. Waɗanda ba su da lambar ka jera su bisa take. Daga nan ka buɗe sabon gurbi ka rubuta nau'in kowace maƙala: bincike na asali, gwajin magani a kan marasa lafiya, bitar ayyukan baya, rahoton majinyaci guda, wasiƙa ga edita, ko tsakuren taro.

Tsakuren taro yana buƙatar ido na musamman a fagen daji. Ƙungiyar likitocin daji ta Amurka, ASCO, tana buga tsakuren taronta na shekara a matsayin ƙari ga mujallarta Journal of Clinical Oncology, sai ka ga an rubuta shi a takardar tarihin aiki tamkar cikakkiyar maƙala a wannan babbar mujalla, alhali sakin layi ɗaya ne ko biyu da bai bi ta cikakkiyar tantancewar masana ba. Alamarsa ita ce kalmar suppl kusa da lambar fitowa. Ka ware shi a sashe na dabam. Haka ma kundin kammala horon ƙwarewa da aka miƙa wa kwalejin likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, da rubutun da aka ɗora a medRxiv, shafin da masu binciken lafiya ke ɗora aikinsu kafin tantancewa. Idan rubutun ya fito a mujalla daga baya, sau ɗaya ake ƙirga shi.

Ka ƙara wani gurbin na matsayin mai binciken a jerin marubuta, da yawan marubutan baki ɗaya. A al'adar likitanci na farko shi ne yawanci ya ɗauki nauyin aikin, na ƙarshe kuma shi ne babban da ya jagoranta, sai wanda aka sa adireshinsa domin a tuntuɓe shi.

Mataki na 5: Tantance mujallu da neman maƙalolin da aka janye

Ka nemi kowace mujalla a SCImago, wanda ke amfani da bayanan Scopus yana raba mujallun kowane fage gida huɗu, daga Q1, mafi daraja, zuwa Q4. Ka duba kuma jerin mujallu na Clarivate, da DOAJ idan mujallar ta karatu kyauta ce. Rashin samun mujalla a waɗannan wurare ba ya nufin ta bogi ce, domin akwai mujallun jami'o'inmu masu mutunci da ba su shiga ba. Alamomin ta bogi su ne alkawarin buga maƙala cikin 'yan kwanaki, da saƙonnin roƙo ta imel, da suna mai kama da na wata sananniyar mujalla, da haɗa likitanci da noma da lissafi a fitowa ɗaya, da tallan ma'aunin tasirin mujalla (za a bayyana shi a Mataki na 9) daga wani kamfani da ba Clarivate ba. Jerin da Jeffrey Beall ya riƙa fitarwa na irin waɗannan mujallu an rufe shi a Janairun 2017, saboda haka kwafinsa da ke yawo a intanet ya tsufa, kada ka yanke hukunci da shi kaɗai.

Sai ka nemi sunan a rumbun Retraction Watch, wanda ƙungiyar Crossref mai rajistar lambobin DOI ta buɗe wa kowa kyauta tun 2023. PubMed ma yana manna jan gargaɗi a kan maƙalar da aka janye. Irin wannan maƙala takan ci gaba da samun ambato shekaru bayan janyewar, amma ba ta shiga lissafi. Ka rubuta ta a gefe tare da dalilin da mujallar ta bayar, ba tare da ƙara naka fassarar ba, domin wani janyewar kuskure ne na gaskiya da marubutan suka gano da kansu.

Mataki na 6: Ɗauko adadin ambato

Ka buɗe gurbi uku: na Google Scholar, na Scopus ko Web of Science, da na iCite. Ka cike su duka a rana ɗaya, ka rubuta kwanan watan a saman jadawalin, domin lambobin suna canzawa kullum. Za ka ga Google Scholar ya fi kowa yawa, saboda yana ƙirga ambato daga kundayen digiri da littattafai da duk wata takarda mai kama da ta ilimi da ya tsinta a intanet. Wannan yana da amfani a gare mu, tunda ɗalibai da mujallun gida da ke ambaton ayyukanmu can suke bayyana, amma ƙofar a buɗe take ga maguɗi. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi mai suna Ike Antkare, ya ɗora masa takardun da na'ura ta rubuta suna ambaton juna, sai Google Scholar ya ba shi 94 a ma'aunin h, wanda za a bayyana a Mataki na 7.

Dokar da ba a karyawa ita ce kada a gauraya rumbuna. Idan mutum biyu ake gwadawa, ba a auna hatsin ɗaya da tiya na ɗayan da mudu a ce an yi adalci. Idan kana amfani da Publish or Perish, ka yi bincike kaɗan-kaɗan, domin Google Scholar yakan toshe wanda ya matsa masa da tambayoyi a jere.

Mataki na 7: Lissafa ma'aunin h da hannunka

Jorge Hirsch, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ne ya gabatar da wannan ma'auni a 2005. A rumbuna za ka gan shi an rubuta h-index. Ko da sun ba ka lambar, ka sake lissafawa daga jerin da ka tace, tunda nasu ya ginu ne a kan jerin da ba a tace ba. Ka jera maƙalolin daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka ba su lamba daga 1, ka sauko har inda lambar jeri ta wuce adadin ambato. Lambar da ke kafin wurin ita ce h.

Ga misali na koyo. A ce mai bincike yana da maƙaloli 12 masu ambato kamar haka: 96, 41, 33, 18, 12, 9, 7, 6, 4, 2, 1, 0. Ta bakwai tana da 7, ta takwas kuma tana da 6 wanda bai kai 8 ba, don haka h ɗinsa 7 ne. Jimillar ambatonsa 229. Ma'aunin i10 na Google Scholar, wato yawan maƙalolin da suka samu ambato 10 ko fiye, zai zama 5. Hirsch ya ba da shawarar a raba h da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko, domin ma'aunin ba ya raguwa kuma yana fifita wanda ya daɗe. Idan shekara 10 ke nan da fara wallafawar wannan mutum, sakamakon 0.7 ne. Da wannan ne za ka iya kallon matashin likita da farfesan da ya kusa ritaya ba tare da ka zalunci matashin ba.

Mataki na 8: Ware ambaton kai da maƙalolin gayya

Ambaton kai ba laifi ba ne idan sabon aiki ya ginu a kan tsoho, amma dole a san yawansa. Scopus da Web of Science suna da maɓallin cire shi. Idan ba ka da su, ka danna Cited by a ƙarƙashin manyan maƙalolin a Google Scholar ka ƙirga waɗanda sunan mutumin ya fito a cikinsu. Ka lura kuma ko wasu 'yan tsirarun abokai ne ke ta ambaton juna.

Maƙalolin gayya su ne waɗanda ɗaruruwan marubuta suka sa hannu, kamar rahotannin nauyin cututtuka a duniya da cibiyar IHME ta Jami'ar Washington da ke Seattle ke jagoranta, ko binciken tiyata na ƙasa da ƙasa na GlobalSurg. Shiga cikinsu aiki ne na gaske, kuma ta nan bayanan asibitocinmu ke isa duniya, amma ambaton da suke jawowa ba ya nuna ƙwazon mutum guda. Ka yi lissafi biyu, ɗaya da su ɗaya babu su. A misalin da ya gabata, idan mai ambato 96 ta gayya ce, cire ta zai mai da jimillar 133, ma'aunin h kuma ya koma 6. Dubi yadda jimillar ta zube sosai alhali h ya ragu da ɗaya kacal. Shi ya sa ba na yarda a kawo jimilla ita kaɗai gaban kwamiti.

Mataki na 9: Karanta lambobin daidai da fagen daji

Fagen ciwon daji yana daga cikin mafi yawan ambato a kimiyya, amma ba a raba ambaton daidai a cikinsa ba. Mujallar CA: A Cancer Journal for Clinicians ta ƙungiyar yaƙi da daji ta Amurka ta samu ma'aunin tasiri na 508.7 a lissafin 2020, alhali manyan mujallu irin su Lancet Oncology ba su kai 100 ba. Dalilin shi ne tana buga maƙaloli kaɗan a shekara, kuma a cikinsu akwai rahotannin ƙididdiga irin na GLOBOCAN da hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa ke shiryawa. Kusan duk wanda zai rubuta maƙala a kan daji a Nijeriya da irin wannan ƙididdiga yake buɗewa, misali cewa an kiyasta sababbin masu cutar kimanin 125,000 a ƙasar a 2020, kuma kowace buɗewa ambato ce. Haka maƙalar Hanahan da Weinberg kan siffofin ƙwayoyin daji, da ta fito a mujallar Cell a 2000, ta tara ambato dubbai saboda bita ce da kowa ke jingina da ita. Likitan da ya tattara bayanan matan da suka zo asibiti a Katsina da sankarar mama ko ta bakin mahaifa bayan cutar ta yi nisa, masu karanta aikinsa ba su da wannan yawa, komai kyawunsa.

Ma'aunin tasirin mujalla kuwa lissafi ne na mujalla, wato ambaton da maƙalolinta na shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da yawan maƙalolin. Ba ya faɗin komai a kan maƙala guda. Sanarwar San Francisco kan auna bincike, wadda aka tsara a 2012 aka san ta da DORA, ta yi kira da a daina amfani da shi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da ba da tallafi. Idan ƙa'idar cibiyarku ta nemi a rubuta shi, ka rubuta, amma ka haɗa da abin da ya fi shi.

Abin da ya fi shi a sauƙaƙe shi ne iCite na cibiyoyin lafiya na Amurka, NIH. Ka kwafi lambobin PMID daga jadawalinka ka zuba, zai ba kowace maƙala lamba mai suna RCR, wadda ke gwada ta da takwarorinta na fage ɗaya tare da la'akari da shekarunta. Lamba 1.0 tana nufin ta yi daidai da matsakaiciyar maƙalar da NIH ta ɗauki nauyi, 2.0 kuma ninki biyu. Scopus yana da makamancinsa mai suna FWCI, inda 1.0 ke nufin matsakaicin duniya. Maƙalar da ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba kada ka yanke mata hukunci da waɗannan, domin ambato yana ɗaukar lokaci kafin ya taru. Rahoton da Denis Burkitt ya buga a 1958 kan ƙarin muƙamuƙi a yaran Uganda bai ja hankali ba da farko, amma bin sawunsa ne ya kai ga gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964.

Mataki na 10: Buɗe maƙalolin ka karanta

Ka zaɓi maƙaloli biyar mafi yawan ambato da mutumin ya jagoranta, ka karanta su, sannan ka buɗe wasu daga cikin waɗanda suka ambace su ka ga yadda aka yi ambaton. Wani ambaton a gabatarwa yake cikin jerin goma, wani kuma an ɗauki hanyar binciken an yi aiki da ita, wani suka ne ma. Yawan ambato ba shaidar ingancin sakamako ba ne: a 2012 Glenn Begley da Lee Ellis sun bayyana a mujallar Nature cewa da masana na kamfanin Amgen suka sake gwada fitattun bincike 53 na ciwon daji, 6 kawai suka tabbata. Ka nemi kuma alamun tasirin da rumbuna ba sa ƙirgawa, kamar shigar aikin cikin ƙa'idojin jinya, ko gudummawa ga rijistar masu cutar daji, irin wadda aka fara a Ibadan tun 1960, ko ɗaliban da mutumin ya horar. Idan ba fagenka ba ne, ka roƙi wani likita da ba ya da alaƙa da mai binciken ya karanta tare da kai.

Mataki na 11: Rubuta rahoto

Shafi biyu sun isa, jadawalin ya biyo a matsayin rataye. Ka fara da kwanan watan da ka ɗauki lambobi da rumbunan da ka shiga da siffofin sunan da ka nema. Sai yawan maƙaloli bisa nau'i, da nawa ne mutumin ya zo na farko ko na ƙarshe, da nawa ne suka shafi daji kai tsaye. Sai jimillar ambato da ma'aunin h daga kowane rumbu a layinsa, da maƙalolin gayya da kuma babu su, tare da kason ambaton kai. Ka biyo da maƙaloli biyar ɗin da ka karanta, kowace da jimla biyu ko uku kan abin da ta gano da wanda ya yi amfani da ita. Duk abin da ka cire ka jera shi a ƙarshe tare da dalili.

Idan ƙa'idar aikin ta yarda, ka nuna wa mai binciken jerin kafin ka miƙa, domin ya nuna maka abin da ka tsallake ko abin da ba nasa ba. A zaman nan ne ya kamata ya buɗe ORCID idan ba ya da shi, ya zaɓi siffa ɗaya ta sunansa da zai riƙa amfani da ita a kowace mujalla, ya sauya saitin shafinsa na Google Scholar yadda ba za a ƙara masa maƙala ba sai ya amince. Kai kuma ka adana jadawalin a wuri biyu da sunan da ke ɗauke da kwanan wata, domin idan aka dawo neman sabon rahoto baɗi, sababbin maƙaloli kawai za ka ƙara ka sabunta gurabun ambato.